Kunnen Kofur Atinga

Ziblim ɗan gwaggota ne. Uwarsa, Gwaggo Lasice, ita ke bin babana, wato ni da shi taubasai ne, kuma tun ranar da aka yanke masa cibiya aka ba ni izinin zaginsa har ƙarshen rayuwa. Na girme shi da wata huɗu. Shi ya ce kwana huɗu ne, amma wa zai saurari lissafin mutumin da ya zauna a aji uku har malamin ya tsufa, ya yi ritaya, ya bar shi a ciki?

Duk garinmu Kumbungu ba a taɓa yin mai ci irinsa ba. Dogo ne siriri kamar sandar tsinko mangwaro, ba ka ganin inda abincin ke zuwa. In aka ajiye mana tuwo da miyar ayoyo a kwano ɗaya, kafin in gama bisimilla ya haƙo ta gefensa ya ɓullo ta nawa. A gona kuwa, in muka je yin tsibin doya, mu tara ɗari shi ya tara bakwai, na takwas ya kwanta a kai ya ce yana gwada laushin ƙasa. Ga tsoron kwaɗo. Maciji bai dame shi ba, kunama da tsinke yake ɗauke ta, amma kwaɗo ya yi tsalle ɗaya sai ka nemi Ziblim a kan katanga. Akwai daminar da ya yi sati bai yi wanka ba saboda wani kwaɗo ya kama haya a bayan randa.

Abu ɗaya ya iya tsakani da Allah, kiwon zabi. Shi ke bin jeji ya gano inda zabuwa ta ɓoye ƙwai, ya kwaso da ludayi don kada ta ji warin hannu, ya sa wa kaza ta kwanta. Ya haƙo wa 'yan tsakin gara, ya zauna yana yi musu hira kamar ya tara majalisa. Kowace zabuwa da sunanta. Wadda ta fi surutu ya sa mata sunana.

Sai maganar kunne, wadda ba wanda ya sani sai mu 'yan gida. Ubansa ya rasu yana goye, Gwaggo ta dawo gidan babana da zama. Tun a lokacin barci ba ya ɗaukarsa sai ya kama kunnen uwarsa yana murzawa. Da ya girma aka maido shi ɗakin samari, sai kunnena na hagu ya gaji sarautar. Shekara goma sha biyu muna tabarma ɗaya. Ku zo ku duba, har yau na hagun ya fi na daman tsawo, in hadari ya taso shi ke fara sanar da ni.

Shiga sojan ma ba kishin ƙasa ba ne. Wani ya gaya masa a bariki sau uku ake ci, kuma da nama. Ranar da ake ɗibar sababbin sojoji a Tamale aka ce a yi gudu, ya zo na biyu. Ni na tabbata ƙanshin girkin bariki ya biyo. Da zai tafi horo na raka shi tasha, ya ja ni bayan mota.

Ya ce, “Dokurugu, ka faɗi duk abin da ka ga dama a kaina. Ka ce ina tsoron kwaɗo, ka ce ni na cinye kazar liman. Amma maganar kunnen nan, ranar da ta fita daga bakinka, ko na mutu sai na dawo.”

Na ce, “In ka dawo ma a makare za ka iso.”

Ya sa na rantse, ya ba ni dafaffen ƙwan zabi uku. Kafin mota ta tashi ya karɓe biyu.

Tankar ruwa aka ba shi tuƙi. Na ce masa kowa ya je soja an ba shi bindiga, kai an ba ka randa mai taya. Shekararsa huɗu a haka aka sa sunansa cikin masu tafiya Labanon aikin kiyaye zaman lafiya, aka ba shi shuɗiyar hula. Gwaggo ta ɗura masa daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji har akwatin ya ƙi rufuwa sai da na hau kai na zauna. In ya bugo waya, zabi yake fara tambaya, sannan uwarsa, sannan ya ce a ba wa mai kunnen faifai, wato ni. Ya ce sanyin can in ka tofar da yawu kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Ya yi wa Gwaggo alkawarin firiji. Ni ya ce zai kawo mini takalmin soja, ƙafa ɗaya, in na yi hankali a ƙara mini ɗayar.

A wata na tara, lokacin ruwan sanyinsu, gefen wata hanya ta kan dutse ya zabtare da tankarsa. Sojoji biyu suka zo gida da hantsi suka gaya wa Baba. Shekararsa ashirin da shida.

Sai bayan kwana goma sha biyu aka kawo shi, cikin akwati, an lulluɓe da tuta. Limamin bataliyarsu ya riga ya yi masa wanka da sutura tun a can, dattawa suka ce kwanaki sun ja, ba sai an buɗe ba. Aka yi salla, aka kai shi, aka harba bindiga sama har zabinsa suka watse sai washegari aka tattaro su.

To, a gidanmu in an dawo daga maƙabarta, taubashi ne ke fitowa. Ya sa rigar mamaci, ya kwaikwayi tafiyarsa, ya tona masa asiri ɗaya bayan ɗaya, mata su yi ta dukansa da tsintsiya suna dariya suna kuka. Haka na ga an yi wa kakanmu, haka aka yi wa kowa. Na riga na zura tsohuwar rigar saƙin Ziblim, na ɗauko kwanonsa, Baba ya cafke ni a bakin zaure.

“Ina za ka?”

“Aikina, Baba.”

“Ba ka ga baƙin gwamnati ba? Mutane sun zo da tuta da ƙaho, kai ka fito musu da hauka? Koma ka cire.”

Na koma na cire. A maimakona shugaban sojojin, Kyaftin Kwarteng, ya miƙe a ƙofar gida ya yi jawabi da Turanci, wani malamin makaranta yana fassarawa. Mutumin kirki ne kyaftin ɗin. Ya ce marigayi jarumi ne da bai san tsoro ba. Ya ce shi ke fara tashi, shi ke ƙarshen kwanciya. Ya ce bai taɓa ƙorafi ba, bai damu da cikinsa ba, sai kowa ya ci yake ci.

Gwaggo tana bayan katanga cikin mata tana ji. Kwana goma sha biyu tana kuka. Da malamin ya kai kan maganar ciki, sai kukan ya tsaya cak. Ta share fuska, ta gyara ɗankwali, ta miƙe daga tabarmar makoki.

Ta ce, “Alhamdu lillahi. Ba nawa ba ne.”

Matan suka ɗauka zafin rashi ne, zai wuce. Bai wuce ba. Washegari ta tuƙa tuwo, ta zuba a kwanon Ziblim, ta ɗaure a tsumma ta nufi tasha. Duk motar da ta iso daga Tamale sai ta leƙa ta taga. Masu zuwa ta'aziyya kuwa sai ta tare su da fara'a.

“Kun sha hanya a banza. Ku dai taya ni addu'a a gano uwar yaron nan da aka binne mana. Baiwar Allah tana can ba ta sani ba. Yaro mai tashi da asuba, mai barin abinci, ai an yi rashi.”

Baba ya ce, “Lasice, ki ji tsoron Allah. Gwamnati ce ta kawo shi da takarda.”

“Yaya, takarda ce ta haife shi ko ni? Ka taɓa ganin Ziblim ya jira wani ya ci?”

Ta ƙara gyara ɗankwali, ta ci gaba.

“Nawa yana can ya samu lungu yana barci, jirgi ya tashi ya bar shi. Zai zo. Yaushe ya taɓa zuwa wuri a kan lokaci?”

Shinkafar da aka tanada don masar sadakar bakwai ta kulle a ɗakinta, ta ɗaure makullin a bakin zane. Ta ce ba za a soya wa ɗanta masa yana raye ba. Da farko har ni abin ya ba ni dariya. Amma a kwana na biyar na bi ta tasha na same ta tsaye cikin rana tun safe, ƙafafunta sun kumbura, tuwon ya yi tsami a hannunta, ita kuma rabonta da abinci tun ranar jana'iza. Ta ce in ya iso sa ci tare. 'Yan kamasho sun daina tsokanarta, sai su kawo mata benci ta ƙi zama, wai kada mota ta wuce ba ta gani ba.

Da yamma Baba ya kira ni.

“Kai da bakinka ba ya rufuwa, ba ka da abin da za ka ce mata?”

“Ai kun ce in cire rigar.”

“To, mayar.”

Ranar bakwai gida ya cika, dangi har daga Yendi da Savelugu, ga malamai sun zauna, ba masa ba alamarta. Da hantsi motar sojoji ta tsaya. Kyaftin ya fito da akwatin kayan Ziblim, bayansa wani gajeren soja kakkaura, hannunsa ɗaya rataye a wuya da bandeji, ya ja hularsa ta rufe gefen hagu. Aka ce Kofur Atinga ne, mutumin Bolga, tare suke da Ziblim cikin tankar ranar hatsarin, yanzu aka sallamo shi daga asibiti. Mata suka tare Gwaggo kafin ta fita tasha, aka nuna mata akwatin. Ta kalle shi sama da ƙasa.

“Nasa ne. Akwati ai jirgi bai bar shi ba, mai shi ya bari.”

Ta koma bakin madafa ta tsaya da ƙunshin tuwonta.

Sai na fito. Rigar saƙi har gwiwa, kwano a hammata, ina jan ƙafa ina hamma irin tasa, wadda ake jin ta daga kasuwa. Na wuce kyaftin kamar ban gan shi ba, na tsuguna gaban kofur.

“Kofur, sannu da hannu. Kai ne ka zauna da ɓarawon ƙwan nan?”

Ya saci kallon kyaftin. Yana jin harshenmu sarai, a Tamale ya yi makaranta. Ya ce, “Marigayi mutumin kirki ne.”

“Marigayi na kirki ne, mun ji ranar nan. Ni Ziblim nake tambaya. Ƙarfe nawa yake tashi?”

“Soja da ƙaho yake tashi.”

“Soja ke nan. Shi fa?”

Ya ƙura mini ido, daga fuskata ya koma gefen kaina.

“Kai ne Dokurugu? Mai kunnen faifai?”

“Ni ne.”

“Ya ce ka taɓa faɗuwa jarrabawar da ba ka ma shiga ba.”

“Ƙarya yake, na shiga. Amsa mini tambayata.”

Ya sauke numfashi. “Sai an ja bargon. Wani lokaci da shi a ciki, har waje.”

Wata tsohuwa ta yi ƙyaƙyat ta toshe baki. Malamin makarantar nan ya matsa kusa da kyaftin yana raɗa masa fassara.

“Abinci fa? An ce sai kowa ya ci yake ci.”

“Gaskiya ne. Yana ci da kowa a layin farko, in kowa ya gama ya sake shiga layi ya ci na biyu. Har hula yake canzawa don kada kukunmu ya gane shi, amma sai ya gane. Daddawar da aka ba shi kuwa, ranar da ya buɗe ta a ɗaki, sojojin wata ƙasa da ke maƙwabtaka da mu sai da suka aiko a tambaya ko lafiya.”

Dariya ta fashe a ɓangaren mata. Na waiga, Gwaggo ta baro bakin madafa ta iso wajen turmi.

“An ce bai san tsoro ba.”

“Ƙarar harbi ba ta hana shi cin abinci, wannan na shaida. Amma inda muke ɗibar ruwa akwai wata ƙorama...”

“Da kwaɗi.”

“Manya. Wata tara bai taɓa sauka daga motar nan a wajen ba. Ni ke jan tiyo, ni ke ɗaurawa, ni ke kwancewa, shi yana sama ya rufe gilashi yana ba ni umarni. Ni da nake kofur.”

Da fassara ta isa kunnen kyaftin sai ya dafe goshi. Ya yi magana, malamin ya ce, “Wai shi an gaya masa ciwon gwiwa ne.” Kyaftin ya ƙara wata maganar yana ƙoƙarin haɗiye dariya. “Wai kuma yanzu ya gane inda kazarsa ta ranar Kirsimeti ta shiga.”

Har malamai sai da suka sunkuyar da kai. Gwaggo ta iso bakin tabarma. Fuskarta ba dariya.

Ta ce, “Malalata masu ci ai sun cika duniya. Masu tsoron kwaɗo ma akwai. Wannan bai nuna nawa ne aka sa a rami ba.”

Ta juya za ta tafi tasha. Na dubi ƙafafunta, silifas ɗin ma ya daina shiga, a kan yatsu take jansa. Na tuna bayan mota, da ƙwai uku, da rantsuwata. Na ce a raina, Ziblim, ka dawo ɗin, ina jiranka.

“Kofur, gadonku kusa yake da nasa?”

Ya ƙara jan hularsa ta gefen hagu.

“Cire hular nan.”

“Soja ba ya cire hula a gaban...”

“Ni ma ya sa ni rantsuwa. Ƙwai uku ya ba ni. Kai me ya ba ka?”

Can ya ce, “Naman gwangwani biyu. Ya karɓe ɗaya.” Ya sa hannunsa mai lafiya ya zare hular.

Jama'a, na ga kunnuwa a duniya, ni kaina ina da abin nunawa, amma na Atinga na hagu ya yi laushi ya saki kamar ganyen kabewa da rana ta buga. Na jera nawa kusa da nasa. Kamar wa da ƙane.

Ya ce, “Ranar farko da na ji hannu a kunnena cikin dare, na ɗauka aljanin ƙasar ne. Na kai mari. Ya ba ni haƙuri, ya ce in ban bari ba ba zai runtsa ba, gobe kuma shi zai tuƙa ni a kan duwatsu. Na auna, na ga gara kunne.”

Ba wanda ya yi dariya sosai, don Gwaggo ta dawo. Ta ajiye ƙunshin tuwon a ƙasa, ta tsaya a kansa.

“Ɗana, ina yake kamawa? Sama ko ƙasa?”

“Ƙasa, Mama. Nan wajen mai taushi.”

“Da wane yatsa?”

“Babba da na tsakiya. Ba ya sa manuni. Ya murza sau uku ya tsaya, ya murza sau uku ya tsaya.”

Gwaggo ta kai hannu ta taɓa nata kunnen. Sai ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba, a gaban takalmansa.

“Ranar fa?”

Atinga ya dubi Baba. Baba ya gyaɗa masa kai.

“Motar ta kwanta a gefenta, ana ruwa. Ni hannuna ne ya karye, shi sitiyari ya danne shi. Mun kira, an ce ana zuwa. Bai yi ihu ba. Ya ce yana jin sanyi, ya ce yana jin yunwa. Ya ce in gaya wa Dokurugu kada ya sayar da zabuwar nan mai surutu. Sannan ya ce, Atinga, matso da kanka. Na matsa. Ya murza sau uku ya tsaya. Ya murza sau uku ya tsaya.” Ya taɓa kunnen. “Ina ta jiran na gaba.”

Gwaggo ta miƙa hannu ta kama kunnen kofur, da babban yatsa da na tsakiya. Ta riƙe. Kukan da ya zo mata ba irin na kwana goma sha biyun nan ba ne, a hankali ya fito, kamar ana tsiyayar da ruwa daga tulu. Mata suka kewaye ta. Wata ta tuna aikinta ta ɗauko tsintsiya ta shiga dukana tana kuka, na tsaya na sha, don haƙƙina ne.

Da ta nutsu, ta kwance bakin zane ta miƙa wa matar Baba makulli. Ta buɗe ƙunshin tuwon da ta yi niyyar kaiwa tasha, ta tura gaban Atinga, ta wanke hannu ta sa a kwanon tare da shi. Loma biyar na ƙirga mata. Kyaftin ya zo zai ba da haƙuri a kan jawabinsa, ta ce a gaya masa ba komai, yaron da ya faɗa ma Allah ya ji ƙansa ko na wane ne.

Atinga yakan zo duk hutu yanzu. Gwaggo tana zuba masa a kwanon Ziblim, in ya bar saura ta yi ta faɗa, wai sojojin yanzu ba sa ci. Zabi suna hannuna, mai sunana tana nan, ta fi da surutu. Takalmin kuwa mun same shi a akwati, sabo fil, ƙafa biyu, an rubuta sunana a jikin na hagu kaɗai. Ziblim kuma har yau bai dawo ba, ko da yake ban cire rai ba, na san tafiyarsa.

Ita dai masa ba a jiƙa shinkafarta a soya rana ɗaya, sai ƙullu ya kwana ya tashi. Dole baƙin Yendi da Savelugu suka ƙara kwana, malamai suka tafi suka dawo. Sadakar bakwai ɗin Ziblim a rana ta takwas aka yi ta, wajen azahar.